Ranar da na hango ƙetaren teku

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye tsakanin Urafane da Tasawa, na yi wa mahaifina wata 'yar ƙarya da ba ta kai kalma goma ba, ta kusa raba shi da abin da ya fi ƙauna a duniya. Yau ina ba ku labarin ina murmushi. A lokacin kuwa, wallahi ko fura ba ta yi mini daɗi a baki.

Bari in fara gaya muku wane ne mahaifina. Manomi ne, gero da wake, ba sarauta gare shi ba, ba kuma malamin da ake ɗaukar karatu a zaurensa ba ne. Amma Allah ya ba shi ido. Idan ya hau tudun da ke yamma da garinmu ranar kasuwar Urafane, sai ya riƙa lissafa maka masu dawowa tun suna ɗigo-ɗigo: wancan wane ne, jakinsa na ɗingishi, waccan amalanken ta gidan wane ce, ba su sayar da waken ba. Mu yi ta musu, a jima su iso, ka ga babu wanda ya kuskure. Makiyayi in raƙuminsa ya ɓace, gidanmu yake fara zuwa kafin ya je wajen maigari.

Babban aikinsa dai ganin wata. Tun kafin a haife ni, duk ranar ashirin da tara, da la'asar sakaliya zai ɗauki buta da buzunsa ya hau tudun nan. In watan azumi ne ko na salla, rabin gari ke bin sa, har da liman. Idan ya ce ya gani, maigari ya aika Tasawa. Idan ya ce bai gani ba, kowa ya koma gida, ko da mutum goma sun rantse sun gani. Akwai shekarar da aka yi haka, aka yi ta gunaguni, ya ce abin da suka gani bakin gajimare ne. Washegari aka tabbatar ko'ina ba a gani ba. Ba a biyan sa ko sisi, amma da za ka ba shi sarautar gari ka karɓe masa tudun nan, ba zai yarda ba.

Ni kuma ɗansa na fari, tun ina aji biyar aka maƙala mini tabarau, don ko allo ba na gani in ba a bencin gaba na zauna ba. Mahaifina ya kan dube ni ya girgiza kai ya ce wa mutane, "Ban san inda aka samo idon nan ba, sai dai ko dangin uwarshi." Mahaifiyata ta amsa daga madafa, "Danginmu dai suna ganin gabansu, Malam." A kan tudu kuwa abin ya fi muni. Zai miƙa hannu ya ce, "Ga shi can, saman gawon nan, siriri." Kowa ya yi kabbara, ni ina ta "Ina? Ina?" har a sauka a bar ni. Da yake ni ɗan fari ne ba ya faɗin sunana, da na zama malamin lakwal sai ya samu sauƙi, ya koma ce mini Mushe, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu a ƙasarmu. Ranar da yake cikin nishaɗi kuma, Mushe mai ido huɗu. Ina dariya tare da kowa. Amma gaskiya abin yana ci mini rai, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

To, ina da wani aboki da ya tashi a gidanmu, maraya ne, tabarma ɗaya muka kwana har muka girma. Ya tafi Kwatano yana harkar motoci, Allah ya buɗa masa, ya gina gida. Sai ya dage shi ba zai tare ba sai Baba ya zo ya sa albarka. Da rani ne, hatsi na rumbu, ba aikin gona, ni kuma ina hutun lakwal, saura wata biyu azumi. Muka lallaɓa tsoho har ya yarda. Mutumin da bai taɓa wuce Maraɗi ba, ga shi a cikin kar, babbar motar fasinja, ya naɗa rawani, ya ƙwace kujerar taga.

Hanyar nan duk shi ya riƙe ta. Kafin direba ya ga shingen jandarma, mahaifina ya riga ya sanar. Da muka hau gadar Gaya, ya ga kogin Kwara, ya yi salati, ya ce bai taɓa zaton akwai ruwa haka ba. Amma nan take ya miƙa yatsa ya ce, "Ga wata can ƙetare tana wanki, da jan zane, da goyo." Fasinjoji suka yi ta leƙe, da muka matsa kusa suka gan ta, aka sa masa tafi. Ni na gyara tabarau na yi kamar barci nake.

Kwana biyu da isarmu, bayan an yi addu'ar gida an ci an sha, abokina ya ce ba za mu koma ba sai Baba ya ga teku. Muka je da yamma. Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasarmu, inda ruwa mafi girma shi ne tabkin da ke ƙafewa kafin bazara, ya san abin da nake nufi. Ni da na koyar da teku shekara da shekaru da alli, da na gan shi sai da na tsaya cak na saki baki. Mahaifina ya cire takalmi, ya tattare riga, ya taka a hankali har inda kumfa ke isowa. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar.

"Kai! Wa ya ɓata gishiri haka?"

Muka yi dariya. Sai ya miƙe, ya kare goshi da hannu yadda yake yi a kan tudu, ya zuba ido. Ya daɗe. Ya juya dama, ya juya hagu, ya dawo tsakiya. Ya goge ido da bakin rawani ya sake dubawa. A wajensa kowane ruwa yana da wannan gaɓa yana da waccan, tabki ne ko gulbi, ga kogin Kwara ma shekaranjiya ya ga ƙetarensa har da mai wanki. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:

"Mushe, kana hango ƙetaren?"

Ni fa na san amsa. Duk shekara sai na sayi lemo na kai aji na nuna wa yara yadda duniya take a dunƙule. Na san mutumin da ke tsaye a bakin teku, komai kaifin idonsa, ruwan da yake gani bai wuce tsawon kilomita biyar ba, daga nan ruwan ya lanƙwasa ya ɓuya. Kilomita biyar fa, abin da matan garinmu ke takawa zuwa itace su dawo kafin hantsi. Na san ƙasar da ke bayan ruwan nan sai jirgi ya yi kwanaki bai kai ta ba. Amma shekara talatin da wani abu ina "Ina? Ina?" a bayan mutumin nan, yau ga shi yana tambaya ta. Shaiɗan ya zo ya zauna mini a kafaɗa. Na tura tabarau sama da yatsa, na ƙanƙance ido, na ce:

"Eh, ga shi can, dishi-dishi."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai bakina ya ƙara, "Har da itatuwa."

Abokina ya juya baya yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuma ina jira mahaifina ya waiwayo ya ce, "Ƙarya kake, mai ido huɗu," mu fashe gaba ɗaya. Bai waiwayo ba. Ya ƙara tsayawa kamar minti biyar yana kallon wuri ɗaya, can gefen hagu. Sannan ya ce, "To." Ya kakkaɓe yashi ya sa takalminsa.

Na yi niyyar gaya masa a mota. Salular abokina ta yi ƙara, aka shiga wata maganar. Na ce sai gobe. Gobe aka shiga sallama da maƙwabta da ɗaurin tsaraba. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka: daɗi nake ji. Sau ɗaya a rayuwa na riga shi. Na ce bari in ɗan riƙe abina kwana biyu. A hanyar dawowa ya ce in zauna taga, shi iska na damun sa. Ko a gadar Gaya bai ɗaga kai ba, ni kuwa na ɗauka gajiya ce.

Na koma lakwal, ina zuwa gida ƙarshen mako a kan babur. Maganar teku ta fita daga kaina sarai. Ranar duban watan Sha'aban na zo, na tarar bai hau tudu ba, wai gwiwa. Mako na gaba na gan shi da sanda, mutumin da ke ɗaukar damin gero biyu. In an yi sallama a ƙofa sai ya ce, "Wane ne?" alhali mutumin na tsaye gabansa da rana tsaka. Ya daina zama ƙofar gida, ya koma inuwar rumbu yana tufkar igiyar kaba. Sai na ji a masallaci wai ya aika wa liman cewa bana a nemi wani mai duban watan azumi.

Ranar nan mahaifiyata ta ajiye kunyar ɗan fari a gefe, ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Kai, mi kuka yi wa mahaihinka a ƙasar ruwa?"

Na ce ba mu yi masa komai ba, an karrama shi ƙwarai, har rago aka yanka.

"Ba rago na tambaye ka ba. Mutum ya tahi da idonshi ya dawo yana lalube. Jiya na matsa mishi, ya ce mini, yaron da ba ya ganin allo ya ga abin da ban gani ba, har da itatuwa. Ya ce in ido ya ƙare gara mutum ya sauka da kanshi, kada wata rana ya sa gari ya ɗauki azumi a kan kuskure."

Na zauna bakin gado na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa tana kallo na.

"Kai? Kai da ƙuda ke faɗa maka a fura ka shanye ba ka sani ba, kai ka hango itatuwa? La'ilaha illallahu. To tashi. Yadda ka ɗaura haka za ka kwance."

Na same shi a inuwar rumbu, igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Na durƙusa. Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Ranar nan a bakin teku ban ga komai ba, wasa na yi. Babu mai iya hango ƙetaren teku, ko waye shi." Na yi ta bayani, ya bar ni har na gama. Sannan ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Allah shi yi maka albarka, Mushe. Uwarka ta aiko ka."

Na ce wallahi ba haka ba ne. Ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi rantsuwa saboda ni. Tausayin uba abu ne mai kyau, na karɓa. Amma tsufa ba abin kunya ba ne."

Nan na gane irin ramin da na faɗa. Ƙaryar ya karɓe ta hannu biyu, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Gaskiyar kuma ta zo masa da kamar lallashi. Duk abin da na ƙara faɗa, ƙara tabbatar masa nake cewa tausayinsa muke ji.

Babu dabarar da ban yi ba. Na kira abokina a salula na sa a kunnensa, ya rantse masa shi ma shekara goma yana Kwatano bai taɓa ganin ƙetare ba. Mahaifina ya ce, "Yaron da na rena da hannuna, mi kake so shi ce?" Abokina ya je har bakin ruwa ya nemo wani tsohon masunci, mutumin ya yi ta bayani da yarensu, cewa su da ke shiga da kwalekwale, in sun yi nisa ƙasa ɓacewa take, kan itatuwan kwakwa ne ƙarshen abin da suke gani, daga nan sai ruwa ta ko'ina. Abokina na fassarawa. Mahaifina ya saurara da ladabi, ya ce a gaishe shi, sannan ya miƙo mini salular. "Mutumin da ba ni jin harshenshi, ku ne ke hwaɗa mini abin da ya ce." Na kifa ƙwarya a ƙasa, na kamo tururuwa na ɗora, ina nuna masa yadda take ɓuya a bayan lanƙwasa. Ya kalla, ya ce, "Ƙwaryar nonon uwarka ce, mai da mata tun ba ta gani ba." Na ce to mu je Maraɗi likitan ido ya auna. Ya ce abin da ya riga ya sani ba ya son a rubuta masa a takarda.

Ina komawa lakwal ina koyarwa, hankalina na gida. Na san mahaifina. In watan azumin nan ya tsaya yana zaune a gindin rumbu, wani ya gani a madadinsa, shi ke nan, ba zai ƙara hawa tudun nan ba har abada. Kuma mutumin da ke ramewa a gabana ba ciwo ke cin sa ba. Ni ne.

Saura mako guda, ranar Asabar, na zo na zauna kusa da shi. Ina miƙa masa kaba yana tufka. Can ya yi ƙasa da murya.

"Bar wahalar da kanka, Mushe. Ko da ƙetaren ƙarya ne, akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba, ko uwarka."

Na ce mene ne, Baba.

"Ranar nan, can hagu, nesa ƙwarai, na ga jirgi. Amma rabi na gani. Ga farin gini a sama, ga dogon ƙarfe, ƙasan kuwa babu, kamar an sa wuƙa an yanke. Na goge ido na sake dubawa. Ina kallo ginin ma ya riƙa cinyewa daga ƙasa, har saura ƙarfen, shi ma ya tahi. Na ce ko nutsewa ya yi, na duba mutanen da ke wurin, ba wanda ya damu. Sai na san ni ne. Ido mai lahiya ba ya raba abu biyu."

Ni ranar nan jiragen da na gani su ne manyan da ke tsaye kusa da tashar jiragen ruwa, wanda yake faɗa ko alamarsa ban gani ba. Na miƙe tsaye har na zubar da kabar.

"Baba, kada ka motsa daga nan."

"Dā ina za ni?"

Na hau babur. Tafiyar rabin awa ce zuwa lakwal ɗinmu a cikin yashi, ranar nan ban san yadda na yi ta ba, sau biyu ina faɗuwa. Na karɓi makulli wajen darakta, shugaban lakwal ɗin, yana tambaya ta lafiya, na ce sai na dawo. A ƙasan kabad akwai tsofaffin littattafan labarin ƙasa da aka daina aiki da su, gara ta ci gefensu, irin waɗanda muka karanta muna yara. Na zazzage su har na samu shafin. Zane ne na jirgi uku a kan ruwa mai lanƙwasa, da wani ɗan mutum tsaye a gaɓa. Na farko cikakke, na biyu ƙasansa ya ɓuya, na uku saura tsinin sama.

Na iso gida la'asar ta yi, duk jikina yashi. Na buɗe littafin na ajiye masa a cinya. Ya ɗauka, ya nisanta shi da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya zana wannan?"

"Ban san shi ba, Baba. An buga littafin tun kafin a sa ni lakwal."

"Ya san ni?"

"Bai san ka ba."

"Uwarka ta san shi?"

Daga bayan zana muka ji, "Ina zan san shi, Malam!" Ashe tana laɓe.

Ya ɗora yatsa a kan jirgi na biyu. Ya ce, "Wannan na gani." Ya matsa kan na uku. "Sannan wannan." Sai ya ce, "To shi wannan mutum ba tausayina yake ji ba."

Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ni kuma na samu ɗalibin da ban taɓa samun irinsa ba. Na ce masa ruwan ne ke bin lanƙwasar duniya, jirgi in ya wuce iyakar da ido ke kaiwa sai ya gangara bayanta, ƙasansa ya fara ɓuya. Ya ce to in mutum na kan raƙumi fa? Na ce zai ƙara hango gaba kaɗan. In ya hau bene? Ya ƙara. In ya hau dogon ƙarfen salula na Tasawa? Na ce zai ga nesa sosai, amma ƙetare dai ko ya hau me ba zai gani ba. Ya gyaɗa kai ya ce shi dama ya san ba banza ba yake hawa tudu. Sai ya dube ni ta gefen ido, irin kallon da na yi wata biyu ban gani ba.

"Shekara nawa kana koya ma ɗiyan mutane wannan?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka taɓa gani da idonka?"

"A'a."

"To ni na gani."

Mahaifiyata ta saki guɗa a bayan zana, sai ka ce an yi haihuwa. Ya ce mata ta yi wa Allah ta bari, maƙwabta za su taru. Ni ina dariya, hawaye na ɓata mini tabarau.

Na zaci an wuce wurin. Bayan ya rufe littafin sai ya ce, "Saura magana ɗaya. Mi ya sa ka yi?" Na sunkuyar da kai. Ƙato da ni, da mata da 'ya'ya biyu, na ji muryata ta koma ta yaro. Na ce, "Baba, so nake sau ɗaya in ga wani abu kafin ka gani." Ya murza bakin igiya. Sannan ya ce, "Ashe yana yi maka ciwo. Da ka hwaɗa mini." Daga ranar bai ƙara ce mini mai ido huɗu ba. Abin mamaki, sai na riƙa kewar sunan.

Ranar ashirin da tara ya jingine sanda a bayan ƙofa, ya ɗauki buta da buzu. Liman ya gan shi ya ce, "Malam, gwiwar ta saki?" Ya ce ta saki, Mushe ya kawo magani daga lakwal. Muka hau tudu, jama'a a baya. Rana ta faɗi, sama ta yi ja, kowa ya yi tsit ana jiran bakinsa. Na ga lokacin da ya gani, don na san yadda kafaɗarsa ke yi. Amma bai yi magana ba. Sai ya jawo ni gabansa, ya kama ƙeyata da hannu ɗaya kamar zai yi mini aski, ya miƙa ɗaya hannun ta gefen kuncina.

"Bi yatsana. Ka ga gawon? Hau sama kamu biyu. Kada ka ƙura, saki idon."

Mutane sun fara motsi, wani na cewa, "Malam, yaya?" Bai kula su ba. Ina ta dubawa, zufa na zuba, tabarau na zamewa. Can sai ga shi, siriri kamar zaren da ya maƙale a riga. Na ce, "Baba, ga shi!"

"Ka gani, ko irin na Kwatano ne?"

"Wallahi na gani."

"To kai ka hwaɗa masu."

Ni na yi kabbarar farko a shekarar nan. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya cika.

Na sha tunanin abin nan. Ni wasa na ɗauke shi, don na san abin da ke littafi. Shi kuwa ba shi da littafi, idonsa gare shi da maganar ɗansa, da suka saɓa sai ya zaɓi maganata. Ban san yardar da ya yi mini ta kai haka ba sai da na kusa karya shi da ita. Tun daga lokacin, a aji ko a gida, in yaro ko babba ya tambaye ni abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba, ko da za a yi mini dariya. Kuma ina kiyaye tsokanar da nake wa 'ya'yana, don na san mai dariya tare da kai ba lallai ne daɗi yake ji ba.

Yanzu tsufan gaske ya zo. Yanar ido ta rufe masa gani, da bakinsa ya faɗa, da ƙafarsa ya bi ni Maraɗi aka yi aiki. Yana ganin hanya, yana gane jikoki, amma jinjirin wata ya fi ƙarfinsa. Duk da haka ranar ashirin da tara sai na zo na riƙe hannunsa mun hau tudu. Ya zauna a buzu, samari masu kaifin ido na tsaye kewaye da shi, amma ni yake tambaya. Liman ya taɓa ce masa, "Malam, ga masu ido, ka tsaya tambayar mai tabarau?" Ya ce, "Wannan ya taɓa yi mini ƙarya sau ɗaya, ya ga abin da ta jawo. In ya ce ya gani, ya gani."

Watan da ya wuce muka hau, na duba har jan sama ya dushe. Ya ce, "Mushe, yaya?" Na ce, "Ban gani ba, Baba." Ya miƙo mini hannu ya ce, "To tashe ni mu tahi gida. Gobe talatin."